Rimot ɗaya, motoci uku: littafin aikina

4 ga Janairu

Motocin rimot ɗina uku ne, duk 'yan 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Akwai bagi mai gudu a turɓaya, akwai ta kwalta, sai mai hawa duwatsu wadda ita ba gudu gare ta ba sai ƙarfi. Kowacce da rimot ɗin da ta zo da shi a kwali, to duk ranar da zan fita sai na cika jaka da rimot uku da batiran AA 12, kuma kowanne da irin taurin kunamarsa, in na sauya mota sai hannuna ya yi kusan minti goma kafin ya saba. Na gaji da wannan gaskiya. So nake rimot ɗaya ya riƙe su duka, sannan in gane wa idona ko yabon da ake yi wa sababbin rimot ɗin nan akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Na kusa wata biyu ina sauraron ra'ayin mutane har kaina ya ɗaure. 'Yan tsere sun tsaya kai da fata sai Sanwa M17 ko Futaba 10PX, su maganarsu ɗaya ce, jinkiri, wato ɗan lokacin da ke tsakanin ka murza sitiyari da taya ta amsa. Wasu sun ce ka ɗauki FlySky Noble NB4 ka huta, kusan duk abin da kake buƙata yana ciki kuma bai kai waɗancan tsada ba. Sai kuma 'yan baya-bayan nan masu maganar RadioMaster MT12 wanda ya fito a 2023 da manhajar EdgeTX, wadda masu jiragen rimot suka daɗe da sabawa da ita, ita ma daga OpenTX ta samo asali a 2021. Kowa ka tambaya nasa ne ya fi.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne duk da kusan dukkansu a kan 2.4GHz suke, ba sa jin yaren juna. Futaba na da T-FHSS, Sanwa na da FH5, Spektrum na da DSMR, FlySky na da AFHDS 3, kuma risibar wannan, wato ɗan akwatin da ke cikin mota yana karɓar umarnin rimot, ba ta ƙulluwa da rimot ɗin wancan. Ke nan ranar da ka sayi rimot ka zaɓi gidan da za ka riƙa sayen risiba ke nan, ni kuma mai mota uku dole in duba kuɗin risiba kafin komai. Wannan ne ya sa na ɗauki mai EdgeTX da yaren ExpressLRS, risibarsa na da sauƙin kuɗi sosai.

Tunda farashi na canzawa daga wuri zuwa wuri, lissafina zan riƙa yinsa da maki. Kuɗin rimot ɗin da risiba ɗaya da ya zo da ita maki 100. Ƙarin risiba biyu maki 26. Jimla 126.

8 ga Janairu

Rimot ɗin ya iso. Ban kunna mota ba, juya shi kawai na yi ta yi a hannu. Ya fi tsofaffina nauyi, sitiyarin kuma laushi gare shi ba ya wannan ƙarar ta roba, domin sensar maganaɗisu ce ke karanta motsinsa maimakon boliyom mai gogawa da ke cinyewa da daɗewa. Batir mai caji irin wanda ake kira 18650 guda biyu yake ci, na sa wasu tsofaffi da na ciro daga batirin wata kwamfuta.

11 ga Janairu

Da bagi na fara. Na cire tsohuwar risiba na sa sabuwa, sitiyari a tasha ta 1, totur a tasha ta 2, suka ƙullu ba wahala. Na ɗora motar a kan katako tayoyi na lilo, ina kunna ta sai ga tayoyin suna juyawa a hankali su kaɗai ban taɓa kunama ba. Da farko na ɗauka risibar ce, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Saƙon da risiba ke aika wa sarbo, ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, da ESC, wato akwatin da ke sarrafa gudun injin, ɗan bugun wuta ne mai tsawon maikurosakan 1000 zuwa 2000, tsakiya 1500. Tsohon rimot ɗin na daɗe da karkatar da tirim ɗinsa na totur, wato saitin da ke ɗan gusar da tsakiya, kuma a kan wannan karkatacciyar tsakiyar ESC ɗin ya saba, sabon kuma yana turo 1500 cif, shi sai ya ɗauka ana ce masa tafi ne. Sai da na sake koya masa daga farko, na danne maɓallinsa na kunna, na nuna masa tsakiya, na ja kunama har ƙarshe, na tura ta gaba har ƙarshen birki. Shi ke nan ya yi shiru. Duk wanda zai sauya rimot ya fara da wannan, kuma tayoyi su kasance a sama.

Daga nan na koma kan sitiyari. Na mai da tirim sifili, na cire hannun sarbo na mayar da shi daidai tsakiya gwargwadon yadda haƙoransa suka yarda, ragowar 'yar karkatar na gyara ta da sabtirim, wani tirim da ke can cikin saitin rimot. Abin da ya ci mini lokaci shi ne fahimtar yadda EdgeTX ke tunani, domin ba irin rimot ɗin da za ka ga an rubuta maka birki nan, sitiyari can ba ne. Hawa uku ne, abin da hannunka ya yi, sai wurin gauraya, sai abin da ke fita zuwa risiba. Sai da na zana shi a takarda da kibiyoyi sannan ya zauna mini, amma da ya zauna na ga ashe babu abin da ba za ka iya haɗawa ba.

12 ga Janairu

Na ƙona sarbon bagi, kuma laifina ne ɗari bisa ɗari.

Cikin saitin risiba akwai wurin da kake zaɓar sau nawa za ta riƙa turo bugun nan a sakan. A 50 na same shi, na ga akwai 333, na tuna duk surutun jinkiri da na sha ji, kawai na zaɓi 333. A lissafi abin ya yi kyau, domin 50 na nufin sabon umarni duk bayan milisakan 20, 333 kuma duk bayan milisakan 3. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne sarbon da ya zo da motar analog ne, irin wanda duk bugun da ya shigo shi ke tura wuta ga ɗan injinsa, an gina shi ne a kan 50. Da na ninka masa kusan sau bakwai sai ya kama wani siririn kuka yana rawa, ni kuma na ɗauka haka sabon saitin yake. Na ci gaba da wasa da sitiyari kusan minti huɗu. Wari ne ya fara zuwa mini, irin na roba in ta sha zafi, na kai yatsa kan murfinsa na janye da sauri. Daga nan tayoyin suka karkata hagu suka tsaya, ko motsi.

Na buɗe shi da dare don in ga abin da ya mutu. Giyoyinsa lafiya lau, man ma bai bushe ba, amma a kan ɗan allon da ke ƙasa akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da ya kumbura ya tsage, gefensa ya yi launin toka. Abin ya dame ni don sarbon nan shekara biyu yana mini aiki bai taɓa ba ni matsala ba.

Wannan ba matsalar irin rimot ɗina kaɗai ba ce. Manyan rimot na tsere ma yanayinsu mafi sauri, irin SR na Futaba ko SXR na Sanwa, sai da sarbon da aka yi domin su, kuma suna rubuta gargaɗin a littafinsu. Don haka mai cewa zai sayi rimot mai sauri ya sa kuɗin sarbo a lissafinsa tun farko. Na yi odar dijital mai giyar ƙarfe, sakan 0.09 a digiri 60, maki 32. Jimla 158. Ta kwalta irin wancan sarbon ne a jikinta, na bar ta a 50 na rubuta a tef na liƙa a kan risibar.

15 ga Janairu

Na sa risiba a ta kwalta, na koya wa ESC ɗinta, komai lafiya. Minti 20 kawai.

19 ga Janairu

Sabon sarbo ya zo jiya na ɗaura. Yau na yi gwajin da na daɗe ina son yi, tunda gani ya kori ji. Na jingina waya tana ɗaukar bidiyo mai hoto 240 a sakan, ke nan kowane hoto ɗaya milisakan 4 ne da 'yar ɗoriya. Na liƙa farin tef a sitiyarin rimot, wani a tayar gaba, na sa su duka a gaban kamara, in fizgi sitiyari sannan in ƙirga hoto nawa ne tsakanin motsin tef na farko da na biyu. Kowane saiti sau goma.

Tsohon rimot da sabon sarbo, yawanci hoto 8. Sabon rimot a 50 yana yawo tsakanin 5 da 7. A 333 kuma 4 ne kusan kullum, kuma wannan rashin yawon ya fi burge ni a kan ƙanƙantar lambar. To bambancin tsoho da sabo hoto 4, kusan milisakan 17. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a sakan, don haka milisakan 17 santimita 17 ne a ƙasa. Ba ƙarya 'yan tsere ke yi ba, akwai bambanci, kuma ga wanda ke shan kwana yana goga bakin hanya santimita 17 ba wasa ba ce.

Amma ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Na ƙirga daga fara motsin taya zuwa ta kai ƙarshen kwana. Sabon sarbo hoto 16. Tsohon irin da ke jikin ta kwalta hoto 29. Bambanci 13, sama da milisakan 50, wato ninki uku na abin da sauya rimot ya ba ni, a kan kuɗin da bai kai sulusin na rimot ɗin ba. Da wani ya zo mini yau ya ce motarsa na da nauyin amsawa kuma kuɗinsa kaɗan ne, sarbo zan ce ya fara saya ya bar rimot tukuna.

25 ga Janairu

Fitar farko da bagi a ƙasa, kuma ban ji daɗinta ba. A miƙe lafiya lau, amma da na sha kwana mai tsanani sai motar ta ɗauke kamar an cire mata batir, sakan ɗaya ko biyu, sannan ta dawo, muryar rimot kuma na sanar da ni ta rasa risiba ta kuma samo ta. Sau bakwai cikin batir ɗaya.

Zargina ya tafi kan eriya. Da na buɗe na ga na kwantar da ita a ƙasan shasi kusa da wayoyin batir, kuma hakan kuskure ne ko ba shi ne sanadi ba. Ɗan tsiraicin da ke ƙarshen wayar, kusan milimita 31, shi kaɗai ne eriyar, rubu'in tsawon zangon 2.4GHz ke nan wanda yake kusan santimita 12.5, sauran wayar rakiya ce kawai. Na zura ta a bututun roba na tsayar da ita sama. Na sake gwadawa, ɗaukewar na nan.

Sai na yi wani tunani da a lokacin ya yi mini kama da dabara. Akwai saitin da ake ce wa felsef, abin da risiba za ta yi idan ta daina jin rimot. Na same shi a kan tsakiya, wato totur ya koma 1500 mota ta tsaya. Na ce to tunda yankewar ta ɗan lokaci ce bari in mai da shi kan ta riƙe umarnin ƙarshe, ko motar za ta wuce wurin ba tare da ta tsaya ba. Bai gyara komai ba, duhu ya yi na tattara na tafi, saitin kuma na bar shi haka.

1 ga Fabrairu

Yau ranar ba ta yi kyau ba. Ina cikin miƙaƙƙiyar hanya kunama a jawe har ƙarshe sai allon rimot ya mutu a hannuna. Tsofaffin batiran nan na kwamfuta ne, a mita suna nuna caji amma ba sa riƙewa, kuma ban saita gargaɗin ƙarancin batir daidai da su ba. Risiba ta daina jin rimot, ta yi abin da na umarce ta makon jiya, ta riƙe umarnin ƙarshe, wato cikakken totur. Ina tsaye ina danna maɓallin kunnawa motar na ta tafiya, kan ka ce me ta ci filin ta daki gindin katanga. Ko bayan ta kife tayoyin ba su daina juyawa ba sai da na ruga na cire batir da hannu.

Hannun tayar gaba na dama ya karye gida biyu, bamba ta tsage, sandar shokoba ɗaya ta lanƙwashe kaɗan. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne minti kaɗan kafin nan akwai yara biyu da suka tsaya kallo kusa da wurin da ta daka, mota mai nauyin kusan kilo 2 a wannan gudun in ta sami ƙafar yaro ba ƙaramin rauni za ta yi ba. Allah ne ya kiyaye. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na dawo ban ci gaba da komai ba sai da na mai da felsef na duk risiba ukun kan 1500 a tashar totur. Sannan na gwada kowacce, tayoyi a sama, na ja kunama rabi na kashe rimot da gangan, na ga tayoyin sun tsaya da idona. Daga yau wannan gwajin zan riƙa yi duk lokacin da na taɓa wani saiti a risiba, ba ya cin ko sakan 30. Kuma rimot ake fara kunnawa kafin mota, mota ake fara kashewa kafin rimot.

Sababbin 18650 biyu maki 9, kayan gyara maki 8. Jimla 175.

5 ga Fabrairu

Kayan gyara sun zo, na ɗaura hannun taya da bamba. Sandar shokoba na miƙar da ita, ba ta yoyo, za ta yi.

8 ga Fabrairu

Na gano abin da ke sa ta ɗaukewa, kuma ba rimot ba ne ba eriya ba ce. Abin da ya fara ba ni haske lambobin da risiba ke dawo wa rimot da su ne. Ƙarfin sigina yana wajen -70 dBm, ingancinsa 100 cikin 100, sai kawai ya faɗi sifili lokaci ɗaya ya dawo. Da nisa ne ko wani abu ke tare shi ai da a hankali zai riƙa raguwa. Kuma kullum a kwana ne.

Na ajiye motar a ƙasa, na cire murfin akwatin risiba ina kallon 'yar fitilarta, na danne gaban motar da tafin hannu na murza sitiyari har ƙarshe da sauri. Fitilar ta mutu ta sake kamawa. Na sa mita a tashar da ba kowa, a zaune 6V take nunawa, ina murzawa ta nutse ƙasa da 4V. Ashe risibar mutuwa take yi tana sake tashi. Wutar da risiba da sarbo ke sha daga wani ɗan sashe take fitowa a cikin ESC da ake kira BEC, nawa 3A aka rubuta masa, tsohon sarbo bai taɓa neman fiye da haka ba, sabon kuma in ya ci karo da tauri yana zuƙar abin da ya fi ƙarfinsa.

Sai na ga wani laifin nawa kuma. EPA, wato iyakar da sarbo zai kai hagu da dama, na bar shi a 100, alhali ƙarfen sitiyarin na kai ƙarshensa tun kafin nan, sarbon sai ya yi ta tura abin da ba zai motsa ba yana kuka yana shan wuta. Na riƙa ragewa ɗaya-ɗaya har kukan ya ɗauke, hagu ya tsaya a 82 dama a 78. Na soka kafasito, ɗan abin da ke ajiye wuta ya cike giɓi in ta nutse, mai 3300µF a tashar da ba kowa, maki 2, a kula da ƙafafunsa don in aka juya su fashewa yake. Ɗaukewar ta ragu sosai amma ta yi sau ɗaya a cikin ciyawa, don haka na sa BEC na waje mai 5A, maki 11, na zare jar wayar da ke filogin ESC na naɗe ta da tef don kada wuta biyu su haɗu. Cajin batir uku na ƙarar bayan nan ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Jimla 188.

15 ga Fabrairu

Mun haɗu da abokai biyu, ɗaya da rimot na tsere mai tsada, ɗaya da mai allon taɓawa mai kala. Muka jera robobin ruwa muka yi hanya, kowanne ya ara mini rimot da risibarsa na ɗaura a bagi, zagaye 20 da kowanne. Matsakaicin lokacina da nawa sakan 14.6, da mai allo 14.7, da na tseren 14.4. Na maimaita gwajin bidiyo da na tseren, hoto 3, nawa 4. Hoto ɗaya santimita 4 ne a wancan gudun, ban yarda hannuna na jin wannan ba.

Amma na fi sauri da shi kuma robar da na ture ba ta kai ta sauran ba, na yi ta tunanin dalili har na lura da yatsana. Kunamarsa ta rungume yatsan gaba da baya ba sarari, ina tunanin birki ya riga ya kama. A nawa akwai sarari kusan milimita 4 da yatsa ke ratsawa kafin ya taɓa ɓangaren birki. Sitiyarinsa kuma an sauko da shi ƙasa daidai da kunama, wuyan hannu ba ya karkata. Mai allon yana da daɗin saiti ƙwarai, komai a bayyane, sai dai a rana sai na kare shi da hannu kafin in gani, kuma yatsa mai gumi ba ya jin sa sosai.

Akwai wani dattijo da ke zuwa wurin, tun zamanin kiristal, ɗan abin da ake sokawa a rimot da risiba don zaɓar lambar sigina, yake wannan harka, lokacin da ake 27MHz kowa da launin tutarsa a kan eriya, in mutum biyu suka kunna lamba ɗaya motar wani ta bi umarnin wani. Har yau rimot mai sanda biyu yake riƙewa irin wanda 'yan tsere da yawa a Ingila ba su bari ba. Na ce masa, Baba, cikin ukun nan wanne za ka ce in riƙe? Ya karɓi nawa ya ja kunama sau biyu ya ce, ɗana, sifirin ɗin nan ya yi maka tauri, sassauta shi ka cike wannan ramin na yatsa sannan ka dawo ka tambaye ni. Ya kuma ce in cire ekspo 30 da na sa a sitiyari, wato saitin da ke tausasa motsi a tsakiya, in rage D/R, mai ƙayyade yawan juyawar tayoyi gaba ɗaya, maimakonsa, domin ekspo mai yawa na sa tsakiya ta mutu ƙarshe kuma ya zo da fizga.

16 ga Fabrairu

Na bi maganar Baba. Na sassauta sukurun sifirin zagaye ɗaya da rabi, na zura robar nan mai tsukewa in ta ji zafi ninki biyu a ɓangaren birki. Ekspo 10, D/R 85. Zagaye 20 a hanyar jiya, 14.3. Rana ɗaya ce kuma na riga na saba da hanyar, don haka sai na maimaita kafin in ɗora komai a kai.

22 ga Fabrairu

Ranar mai hawa duwatsu, kuma a nan ne na fi jin daɗin kuɗina. Ita ba ruwanta da jinkiri, abin da take so laushin totur a farkon ja. Na zana mata lanƙwasar totur yadda rabin farko na kunama ba ya ba da fiye da kashi 25 na ƙarfi, sai ga ta tana taka dutse taya ɗaya bayan ɗaya ba zabura, har ina jin ƙarar roba na kama gefen dutsen. Da tsohon rimot wurin nan sai dai in yi ta ɗan taɓawa ina saki. Fitilu na sa su a tasha ta 4 da maɓalli ɗaya. Risibar na da wayar auna batirin mota, na jona ta, na sa rimot ya yi magana in batir mai sel biyu ya sauka 7.0V, wato 3.5V kowane sel. Ya yi magana a minti na 52 ina tsakiyar hawa.

Wani ya tambaye ni me ya sa ban sa jairo, na'urar da ke gyara sitiyari da kanta in mota ta zame, a bagi ba tunda tana wutsiya a turɓaya. Na san yana taimakawa, masu dirif, wato wasan zamar da mota a kwana, ma ba sa yi sai da shi, amma dokokin tsere irin na IFMAR, ƙungiyar tseren motocin rimot ta duniya, sun hana, ni kuma ina son in shiga tsere wata rana, gara hannuna ya koya.

1 ga Maris

Na maimaita zagaye 20 sau biyu a sabuwar hanya da bagi, aron na tseren kuma ya sake samuwa. Nawa 16.1 da 16.0, nasa 16.0. Abokin ya ce in na ƙara ƙwarewa zan fara jin bambancin, mai yiwuwa gaskiyarsa ne, shi ya fi ni shekaru a tsere kuma da nawa rimot ɗin ya yi 15.2 da nasa 14.9.

Lissafi na nan a 188. Saura ta kwalta, har yanzu tana kan 50 da tsohon sarbonta, kuma yanzu da hannuna ya saba da bagi nauyinta na damuna a kwana. Sarbo gajere take buƙata saboda wurin ya matse, na auna tsayin da zai shiga milimita 26 ne. Kafin in yi oda zan duba abin da aka rubuta wa BEC ɗinta, in 3A ne irin na bagi to tare da na waje zan saya. Sannan ina neman abin sauko da sitiyari da zai dace da nawa, in ban samu ba zan gwada yanka shi daga farantin roba mai kauri milimita 5, na riga na zana shi a kwali.